Taya ce ke suɗewa, ko zafi ne ke ƙwace riƙo a wasannin tseren mota?

Mai_Totur: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai maganar da nake so masana su warware mana. A ganina cin taya a yawancin wasannin bidiyo na tseren mota agogo ne kawai aka ɗaura masa: an rubuta cewa bayan zagaye kaza a rage wa mota riƙon kwalta, ko ka lallaɓa ta ko ka gana mata azaba. Hujjata ita ce, a tseren zagaye 15 mota kan fara ƙin shan kwana tun a zagaye na 4 ko na 5, alhali alamar da ke allo na nuna robar ba ta ci ko kashi 15 ba. In da gaske ake lissafin, me zai sa taya mai sauran kashi 85 ta riƙa zamewa haka? In kuma akwai abin da direba zai iya yi, a faɗa mana dalla-dalla.

Bakanike77: Wa alaikumus salam. Malam, abin da kake ji a zagaye na 4 ba suɗewa ba ce, zafi ne. Abu biyu ne daban, kuma alamar da kake kallo ɗaya kawai take nuna maka. Roba tana da iyakar zafin da take kama kwalta da kyau. A wasan Assetto Corsa Competizione (ACC) tayar busasshen titi tana aiki ne tsakanin digiri 70 zuwa 100. Da zarar fatar tayar ta haura nan sai ta yi laushi fiye da kima, ta fara shafewa a kan titi, riƙo ya faɗi, ko da robar na nan da kaurinta. Matsalar kuma ita ke ciyar da kanta: taya ta zame, zamewa ta ƙara zafi, zafi ya ƙara zamewa, direba ya ƙara murɗa sitiyari don ya rama, nan kuma ya ƙara hura wutar.

Gwanin_Kwana: Akwai gwajin da zai raba gardamar nan cikin minti goma. Shiga atisaye kai kaɗai, ka kashe cin mai don kada nauyi ya rikita lissafin. Yi gudu har motar ta fara ƙin shan kwana, ka rubuta lokacin wannan zagayen. Sai ka yi zagaye ɗaya cikakke a hankali, ka rage kamar daƙiƙa 4 ko 5, ba tare da taya ta yi ƙara ko sau ɗaya ba. Daga nan ka sake taka ta. In lokacinka ya dawo kusa da na farko, zafi ne. In bai dawo ba, roba ce ta tafi. Robar da ta cinye ba ta dawowa, zafi kuwa yana sauka.

Mai_Totur: @Gwanin_Kwana wannan gwajin yana aiki a kowane wasa, ko sai masu tsananin kwaikwayon tuƙin gaske?

Gwanin_Kwana: Yana aiki a duk wasan da ke lissafa zafin taya. A wasannin F1 (Formula 1) ka fara leƙa saiti, domin akwai zaɓi tsakanin lissafa zafin fatar taya kawai da lissafa fata haɗe da cikinta. In fata kawai aka zaɓa, miƙaƙƙen titi ɗaya ya isa ta huce. In har da ciki ne, sai ka ba ta zagaye ɗaya ko biyu, don cikin taya a hankali yake ɗaukar zafi, a hankali kuma yake sakinsa.

Injiniya_Sadiq: Bari in taɓo tushen abin, saboda maganar agogo da aka fara da ita. Taya ba ta juya mota sai ta ɗan murɗe. Inda take fuskanta da inda take tafiya a zahiri ba ɗaya ba ne, akwai 'yar kusurwa a tsakani. Ƙarfin riƙo yana hawa tare da kusurwar nan har ya kai ƙololuwa a digiri kaɗan, a tayar tsere galibi ƙasa da 10, daga nan sai ya fara sauka. Duk murɗin da ka ƙara bayan ƙololuwar ba ya ƙara maka juyi ko kaɗan, gurzar roba kawai yake yi. Wasanni na lissafa cin taya ne daga wannan gurzar: nauyin da ke kan tayar, da saurin zamewarta a kan kwalta, da zafin da take ciki a lokacin. Shi ya sa mutum biyu a mota ɗaya, saiti ɗaya, ɗaya zai gama da tayar gaba a suɗe, ɗayan da sauranta.

Hanyoyin lissafin ma sun bambanta. Wasanni da yawa sun ginu a kan dabarar Hans Pacejka na jami'ar Delft a Holand, wadda ke ɗaukar sakamakon gwajin taya ta gaske ta mayar da shi lanƙwasasshen layin lissafi. Wasu wasannin kamar rFactor 2 da iRacing suna ƙoƙarin gina tayar ne daga kayan jikinta, roba da wayoyin ciki, riƙon ya fito daga nan. Forza Motorsport na 2023 kuma masu shi sun ce kowace taya tana taɓa ƙasa a wurare 8, ana lissafawa sau 360 a daƙiƙa, maimakon wuri ɗaya sau 60 da ake yi a baya. Duk cikinsu babu wanda agogo ne.

Abbati_09: Injiniya ka yi bayani, amma Mai_Totur bai yi kuskure gaba ɗaya ba. A Gran Turismo 7 mai buɗe ɗakin tsere yana iya ninka cin taya sau 5, sau 10 ko fiye. A irin wannan ɗakin duk lallaɓawarka tayar za ta tafi cikin zagaye kaɗan, sai abin ya yi kama da agogo.

Injiniya_Sadiq: Gaskiya ne ɗan'uwa, amma duba abin da ake ninkawa. Gurzar da ka yi ce ake ninkawa. In cin taya na kan ninki 10, kulle birki ɗaya tamkar ka kulle sau goma ne. Ninkin ƙara faɗaɗa tazara yake yi tsakanin mai tsabtar tuƙi da mai gaggawa.

Ummi_GT3: Ba wanda ya taɓo iskar taya, kuma a ACC rabin matsalar a nan take. Tun sabuntawar 1.9 ta 2023, tayar busasshen titi ta GT3 (wani rukunin motocin tsere) tana son psi (ma'aunin matsin iska) 26 zuwa 27 idan ta yi zafi. Masu bin tsofaffin saiti na 27.5 zuwa sama su lura, wancan na kafin sabuntawar ne. Lambar da kake sakawa a gareji ta sanyi ce, wadda ta dame ka ita ce ta kan titi.

Yadda ake daidaitawa: fita ka yi zagaye 3 ko 4 da gudun tsere, da yawan man da za ka tashi da shi. Duba iskar kowace taya a ƙarshen zagaye, ba a tsakiyar kwana ba. Koma gareji ka gyara kowace ɗaya ita kaɗai, danna ɗaya psi 0.1 ne. A ce ta gaban hagu ta nuna 27.6 kana neman 26.7, sai ka cire danna 9. Ta bayan dama ta nuna 26.1, ka ƙara 6. Tayoyi huɗun ba za su tashi da lamba ɗaya a sanyi ba, kuma hakan daidai ne. Sake fita ka tabbatar.

Iska ta yi yawa, tsakiyar taya ya kumburo, wurin da ke taɓa ƙasa ya ragu, motar ta riƙa zillo. Iska ta yi kaɗan, gefen taya ya riƙa lanƙwasa, sitiyari ya yi nauyin amsawa, cikin tayar ya tara zafi.

Nura_Sim: 'Yar'uwa a ƙara da yanayi. Duk digiri ɗaya da zafin gari ya sauya, iskar kan motsa kamar psi 0.1. In ka daidaita a atisayen da ke digiri 20, tseren kuma aka yi shi a 27, cire kamar danna 7 a kowace taya kafin a tashi. Tseren da zai shiga dare kuma akasin haka, tayar da za a saka maka a tsayawar canjin taya ta biyu tana bukatar ƙarin iska. Sannan hawa dakalin gefen titi da ƙarfi a ACC yana zubar da 'yar iska, kuma ba ta dawowa sai an canza taya.

Fa'iza_F1: A Gran Turismo 7 babu gyaran iska sam, don haka masu shi kada su je nema. Abin da ke hannunsu a cikin tsere shi ne rabon birki tsakanin gaba da baya, da TCS (mai hana taya zamewa wajen taka totur) daga 0 zuwa 5, da taswirar mai (yawan man da inji ke sha) daga 1 zuwa 6. In tayoyin gaba ne ke saurin ja, matsa rabon birki mataki ɗaya ko biyu zuwa baya. In na baya ne, dawo da shi gaba, ka ɗaga TCS zuwa 1 ko 2 a ƙarshen zango (tafiyar da ake yi kafin a canza taya), ka kuma fita ƙananan kwanoni da giya ɗaya sama da wadda ka saba.

Bakanike77: Rabon birki yana taimakawa, amma kada a ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa. In tsakiyar kwana ne ke cinye tayar gaba, ba wurin taka birki ba, ko ka kai rabon ƙarshen baya ba abin da zai sauya, sai ma bayan motar ya fara ƙwacewa wajen shiga.

Dan_Sitiyari: Tambaya a gefe. Mu masu wasa da na'urar riƙewa a hannu mai 'yar sanda, ba mu da sitiyari, tayar gabanmu kullum ta fi saurin mutuwa. Wasan ne ke hukunta mu?

Gwanin_Kwana: Ba hukunci ba ne, tazara ce. Sitiyari na da digiri ɗaruruwa daga ƙarshe zuwa ƙarshe, sandar hannu kuwa 'yar tafiya ce ƙarƙashin babban yatsa. Abu kaɗan ka tura ta ƙure, ka wuce ƙololuwar da Injiniya ya faɗa ba ka sani ba. Abu uku za ka yi. Rage saurin amsawar sandar a saiti. In wasan na da zaɓin rage murɗi gwargwadon gudu, ɗaga shi. Na uku, maimakon ka buga sandar gefe kai tsaye, tura ta sama ka riƙa zagayawa da ita a bakin da'irar, hakan na ba ka murɗi kaɗan-kaɗan. Sannan ka shiga saitin sauti ka rage ƙarar inji, ka ɗaga ta taya. Ɗan kuka siriri a tsakiyar kwana yana nufin kana bakin iyaka. Ƙara mai kauri da ta daɗe tana nufin roba kake zubarwa.

Injiniya_Sadiq: Masu sitiyari kuma alamarsu a tafin hannu take. Yayin da tayar gaba ke kusantar iyaka, ƙarfin da ke neman mayar da sitiyari tsakiya yakan fara raguwa tun kafin riƙon kansa ya kai ƙololuwa. In ka ji sitiyari ya yi sako-sako a cikin kwana, kada ka ƙara murɗi, ɗan sassauta. Amma in ka cika ƙarfin girgizar sitiyari a saiti har ta ƙure, kowace kwana nauyi ɗaya za ka ji, wannan alamar ta ɓace. Rage shi har ma'aunin girgizar ya daina kaiwa ja sai a kan dakali.

Kwalta_Zalla: Mu koma kan tayar. Lalacewa iri-iri ce, kuma maganin wata guba ne ga wata, don haka a rarrabe.

Akwai wadda ke zuwa in aka matsa wa taya tana sanyi. Fatar ta yayyage, robar ta nannaɗe ta yi ƙananan dunƙule kamar ɓurɓushin abin goge fensir, ta manne a saman tayar. Motar sai ta riƙa tafiya a kan ɓurɓushin maimakon kwalta. Wannan takan goge da kanta in ka yi zagaye kaɗan ba tare da zamewa ba. Akwai bororo, shi kuma daga zafin ciki yake zuwa: robar ƙarƙashin fata ta dahu, ta ɓalle ta bar rami. Wannan ba ya warkewa, kuma ya fi fitowa a gefen ciki in karkatar taya (yadda samanta ke jingina zuwa ciki) ta yi yawa. Sai shafaffen wuri, wanda kulle birki ke jawowa a motar da ba ta da ABS (na'urar hana birki kullewa). Taya ta tsaya cak mota na tafiya, wuri ɗaya ya gurje ya baje. Za ka ji kakkarwa a sitiyari, kuma a birki na gaba tayar ta fi son ta sake tsayawa daidai wannan wurin, shafaffen wurin ya ƙara faɗi.

Mai ganin dunƙule yana bukatar ƙarin zafi a cikin taya. Mai ganin bororo yana bukatar ragi. Wanda ya ɗauke su abu ɗaya zai gyara saiti ta baya.

Ummi_GT3: Shi ya sa bututun iskar da ke sanyaya birki ke da muhimmanci a ACC, daga 0 zuwa 6. Zafin birki yana ratsa rim ya shiga cikin taya. Rufe bututun mataki ɗaya yana ɗaga zafin taya da iskarta, buɗewa yana saukar da su. Duk wanda ya taɓa bututun dole ya sake gwajin iska daga farko. Game da karkata kuma, duba zafin ciki da tsakiya da waje na kowace taya. Gefen ciki ya kamata ya fi zafi, amma in tazarar ciki da waje ta haura digiri 15, rage karkatar.

Abbati_09: A iRacing fa? Can yawancin motoci ba sa nuna maka komai kana kan titi.

Nura_Sim: Sai ka shigo wurin canjin taya lambobin ke sabuntuwa, zafi a wurare uku da kason robar da ya rage a wurare uku. Ka tuna zafin da za ka gani ya riga ya sauka a hanyar shigowa, don haka kason roba ya fi gaya maka gaskiya. In gefen ciki ya rage 80, waje 92, karkata ta yi yawa. A zagayayyen fili irin na gasar NASCAR ta Amurka, inda kwana duk hagu ce, tayar gaban dama ce ke yanke hukuncin tseren. Wanda ya kutsa kwana da ƙarfi a zagaye goman farko zai wuce mutane, a zagaye na 30 kuma su wuce shi ɗaya bayan ɗaya.

Fa'iza_F1: Kowane fili da tayar da yake ci. A Barcelona doguwar kwana ta 3 dama take, nauyi na kan gaban hagu tsawon daƙiƙoƙi. Silverstone ma gaban hagu ne, saboda Copse da Stowe da sauran kwanoni masu gudu. A tseren F1 na gaske na 2020 a can, tayar gaban hagu ta fashe wa direbobi Bottas da Sainz da Hamilton a zagayen ƙarshe-ƙarshe, bayan sun yi kusan zagaye 40 a kan taya mai tauri, Hamilton ya ƙarasa da taya uku ya ci tseren. Bahrain kuwa baya take ci, don kwaltar na da kaushi kuma ana yawan fita daga ƙananan kwanoni da cikakken totur. Kafin tsere ka gano tayar da filin zai fara kashewa, ka zaɓi kwana biyu ko uku da suka fi gallaza mata, a nan kaɗai za ka ɗaga ƙafa da wuri. Ba sai ka rage gudu a duk zagayen ba. A wasannin F1 kuma kada ka bari ci ya wuce wajen kashi 70, daga nan haɗarin fashewa ke shigowa.

Mai_Totur: To na ji batun zafi. Amma ga inda nake da sauran ja: in riƙo na bin tuƙi ne, me ya sa zagaye na 2 da na 3 kusan kullum su ne mafi sauri ga kowa, gwani da ɗan koyo?

Bakanike77: Saboda a nan abubuwa biyu ke haɗuwa: iska da zafi sun hau inda ake so, fatar robar kuma sabuwa ce. Wannan ɗanɗanon sabuwar taya kowa zai rasa shi, a nan kana da gaskiya. Bambancin yana ga abin da ke biyo baya, ko lokacinka zai riƙa zamewa kaɗan-kaɗan, ko zai faɗi lokaci guda.

Kuma ba kullum ne na 2 da na 3 ke fin sauri ba. Lita 100 na fetur ta kai kilo 75, motar F1 ta 2019 zuwa 2025 kan tashi da har kilo 110. Yayin da mai ke ƙonewa mota na yin sauƙi, kuma taya ba ta ninka riƙonta don an ninka mata nauyi, don haka duk kilon da ya tafi riba ce. Titin ma yana shan roba a layin da kowa ke bi, riƙo ya ƙaru. A dogon zango da taya mai tauri, wannan ribar kan rufe asarar suɗewa har zagaye mafi sauri ya zo can gaba.

Dan_Sitiyari: To taya mai laushi ko matsakaiciya, yaya ake yanke shawara?

Abbati_09: Da lissafi. A ce mai laushi ta fi sauri da daƙiƙa 0.8 a zagayen farko, tana asarar 0.15 kowane zagaye, matsakaiciya na asarar 0.07. Tazarar na raguwa da 0.08, a zagaye na 11 sun yi daidai. Zangon da ya wuce 11, ɗauki matsakaiciya.

Injiniya_Sadiq: @Abbati_09 a zagaye na 11 saurinsu ne ya yi daidai, ba jimillar lokaci ba. Duk abin da mai laushi ta tara a zagaye goman farko yana aljihunta, daƙiƙa 4.4 ke nan, kuma sai a zagaye na 21 matsakaiciya za ta gama biyan bashin. Abin da ke ɓata wannan lissafin shi ne asarar ba ta tafiya a miƙe. Mai laushi takan kai wani wuri ta rufta gaba ɗaya, daƙiƙa ɗaya ko biyu a zagaye. Don haka abin da za ka nema a atisaye shi ne zagayen da take ruftawa, da irin ninkin da za a yi tseren da shi. In zangonka zai ƙare kafin nan, mai laushi. In zai wuce ko da zagaye biyu ne, auna asarar da daƙiƙa 20 da wani abu da ƙarin tsayawa kan ci a yawancin filaye.

Kwalta_Zalla: A haɗa da zagayen fita, wato na farko bayan canjin taya. Motar F1 na karɓar taya daga bargon ɗumi a digiri 70, amma WEC, gasar tseren dogon zango ta duniya, ta hana bargon, shi ya sa a wasanta na Le Mans Ultimate tayar ke zuwa da sanyinta, kwanonin farko kamar kan ƙanƙara. Wanda ya shiga canji da wuri don ya sha gaban abokin hamayya zai iya zubar da duk ribar a wannan zagayen. Wajen ɗumamawa kuma, karkaɗa mota hagu da dama fatar kawai yake zafafawa, ta huce nan da nan. Taka birki mai ƙarfi a miƙe, ba tare da kullewa ba, da fita da totur mai nauyi, su ke kai zafi ciki.

Ummi_GT3: In ruwa ya sauka kuma lissafin juyawa yake. Layin da ya sha roba shi ne ya fi santsi, sai ka taka birki a gefensa, ka zagaya kwana ta waje. Tayar ruwa a ACC tana son wajen psi 30. Da titi ya fara bushewa ita ce ke shiga matsalar da Bakanike77 ya faɗa tun farko: zanenta na motsi, ta ɗau zafi, ta narke cikin zagaye kaɗan. A miƙaƙƙen titi ka bar busasshen layin ka bi inda ruwa ya kwanta don ta huce.

Gwanin_Kwana: @Mai_Totur in za ka yi gwajin nan, ƙara masa kashi na biyu. Zango biyu na zagaye 10, mota ɗaya, mai ɗaya. A na farko taka iya ƙarfinka tun daga tashi. A na biyu ka bar rabin daƙiƙa a zagaye ukun farko, ka shiga kowace kwana da murɗi ɗaya ba gyara. Kada ka kwatanta zagaye mafi sauri, tara jimillar goman, ka kuma rubuta kason kowace taya a ƙarshe.

Mai_Totur: Zan yi shi a Barcelona tunda gaban hagu ake magana. Taya matsakaiciya zan sa ko mai laushi, kuma a ninki nawa?

Gwanin_Kwana: Mai laushi, don bambancin ya fito da wuri. Ninkin kuma ka sa wanda ɗakin da kake shiga ke amfani da shi. Ka kawo lambobin tayoyi huɗun duka, ba na gaba kawai ba.